Muna ta ɓoye gaba, ashe ciwon a saman ƙoda yake

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ba zan faɗi sunana ba, domin maganar ba tawa ce ni kaɗai ba, ta taɓa iyayena da 'yan ɗakinmu. Ni haifaffiyar Aboabo ce a Kumasi, ɗinki nake yi, ina da miji da ɗa. An haife ni da halittar da mutanen zango ke kira mata-maza idan gori ya tashi, su kuma yi gum da bakinsu idan suna son yin kara. Ɗan tsakana ya fi na sauran mata girma tun daga cikin uwa. Yau na rubuta wannan magana hannuna bai yi rawa ba, amma sai da na haura shekara ashirin kafin bakina ya iya furta ta a gaban wani mahaluƙi.

Labarin haihuwata daga bakin Mma na ji shi, shi ma sai da na girma. A gida aka haife ni. Ungozoma ta yanke cibi, ta duba, ta sake dubawa, sai ta lulluɓe ni da zane ta ce a kira mata Gwaggo, yayar Baba. Mata na tsakar gida suna jira su rangaɗa guɗa, suna tambaya me aka samu. Gwaggo ta leƙo ta ce mai jego ta gaji, a bar ta ta huta. Daren nan Baba ya tafi wurin malaminsu da yake ɗaukar karatu a zaurensa. Malam bai razana ba. Ya ce masa fiƙihu ya san wannan tun tuni, hunsa ake ce masa, har littafin Muhtasar da mas'alar gadonsa ya rufe. Ya tambaya ta ina fitsari ke fita. Aka ce ta inda na mata ke fita. Ya ce to mace ce, a raɗa mata sunan mace. Allah Ya jiƙan wannan malami, don bincike na asibiti da aka yi bayan shekaru masu yawa bai saɓa masa ba.

Ranar suna wanzami ya zo aski. Gwaggo ta ja shi ɗaki ta ce a rage abin tun yarinya ba ta san zafi ba. Mma ta ce ya daɗe yana dubawa, sannan ya mayar da askarsa cikin zabira ya ce: "Hajiya, wannan ba angurya ba ce. Jijiya ce a nan. In na sa aska, jinin da zai zuba ba ni da abin tsayar da shi." Gwaggo ta ƙara masa kuɗi, ya ƙi. A lokacin babu dokar da za ta hana shi, don sai a 1994 Gana ta haramta kaciyar mata, aka kuma tsananta hukuncin a 2007 ya koma ɗaurin shekara 5 zuwa 10. Tsoron Allah da sanin aikinsa kaɗai suka riƙe hannun tsohon nan. Amma ko shi, ko malam, ko ungozoma, babu wanda ya ce a kai ni asibiti. Kowa ya ɗauka halitta ce da aka gama, sai haƙuri da rufin asiri.

Wanda ya san gidajen haya na Aboabo ya san rufin asiri aiki ne. Ɗakuna sun kewaye tsakar gida, makewayi ɗaya, yara kuma a fili ake musu wanka cikin baho. Ni ba a taɓa yi mini haka ba. Mma takan tashe ni kafin kiran assalatu, ta kai ni makewayi da fitila, ta yi mini wanka da sauri, ta sa mini wando biyu. Ba na kwana gidan kowa. Ba na bin yara wasan ruwan sama. Idan za a tafi biki Ejura ko Tamale, ni ake bari gida da wata hujja. Ta ja mini kunne tun ban san ma'anar maganar ba: kada ki yarda kowa ya ga jikinki, ko Gwaggo ce. Ban taɓa ganin laifinta ba. Ta san bakin zango, ta san kalma ɗaya in ta fita daga ƙofar gidan nan, har in mutu da ita za a riƙa kirana. Sai dai abin da yaro ke karantawa daga irin wannan ɓoyo shi ne akwai wani mugun abu a jikinsa, kuma na tashi ina ganin ni ce na jawo wa mahaifiyata wannan wahala ta asuba.

Jikin kuma bai tsaya inda ake iya rufewa da wando ba. Ina ajin farko na firamare na fi kowa tsawo, har malamai na cewa an rage mini shekaru. Ƙarfi gare ni kamar me, ni ke ɗauko bokitin ruwan da manyan 'yan mata ke nishi a ƙarƙashinsa. Fatata ta fi ta kowa duhu a gidanmu. Kafin in kai shekara goma sha biyu tsawon ya tsaya cak, waɗanda nake leƙa kansu duk suka wuce ni. Murya ta buɗe, ƙuraje suka cika fuska, gashi ya fara tsirowa a haɓa.

Wani abu da ban lura da shi ba sai daga baya: yayana namiji, wanda nake bi, haka shi ma ya tashi. Yana ɗan shekara shida ana cewa wannan ƙato ne, ya gaji kakansa. Muryarsa ta buɗe tun sa'o'insa na wasan ƙasa, shi ma tsawonsa ya tsaya da wuri, ya zama gajere kakkaura. A wurinsa abin ya zama kirari. Maza a bakin masallaci suna taɓa damtsensa suna cewa namijin duniya. Ciki ɗaya, ciwo ɗaya, shi ana yi masa tafi, ni ana rufe ni da ƙofa.

Shekarun 'yan matanci su ne mafi ɗaci. Ƙawayena na makarantar allo ɗaya bayan ɗaya suka fara fashin salla, ni shiru. Ƙirji bai fito ba. Nakan yi ƙaryar fashin salla na 'yan kwanaki a wata don kada a gane, in ɓuya a ɗaki in yi sallata ina kuka. Kullum da asuba reza ce a hannuna, hijabi kuma nakan ja shi har ya rufe haɓa. Idan na ɗaga waya a ce mini "Malam, ba wa matar gidan." Mma ta sayar da zannuwan lefenta a kan magani. Na sha rubutu, na sha saiwoyi, an yi mini hayaƙi, an ce namijin aljani ne ya aure ni ya hana jini zuwa. Ba na raina rubutu, har gobe ina sha, ayar Allah ce. Amma mutanen da suka karɓi kuɗin uwata suna rantsuwa cewa nan da wata uku jini zai zo, alhali ba su san abin da ke damuna ba, su da Allah.

Aurena na farko ba zan daɗe a kansa ba. Mma ta so a faɗa wa mutumin gaskiya, Gwaggo ta ce in an ɗaura an ɗaura, namiji ba ya tona asirin matarsa. Bai kai wata biyu ba takardata ta iso. Sakin bai yi mini ciwo kamar abin da ya biyo baya ba, don ya faɗa wa abokansa, abokansa suka faɗa wa matansu. Na zo wucewa ta wurin mai koko da ƙosai da safe, hira ta tsaya. Wata yarinya ƙarama ta nuna ni ta faɗi kalmar nan da ƙarfi, uwarta ta doke mata baki tana dariya ƙasa-ƙasa. Kusan shekara na yi ba na fita sai shago, daga shago sai ɗaki. Akwai daren da na roƙi Allah Ya ɗauki raina in dai hakan ya fi alheri.

Sauƙin ya zo ta hannun wata mai kawo mini ɗinki, nas ce, 'yar Asawase, ta girme ni sosai. Ana saura 'yan kwanaki ƙaramar salla ta kawo leshi. Na durƙusa ina auna mata tsawon siket, tef a wuyana, allura a bakina, sai hijabina ya zame. Ta ga haɓata da ƙurajen aski. Na yi sauri zan gyara, ta riƙe hannuna. Ta jira yarinyar shagon ta fita sayen zare, sannan ta yi ƙasa da murya.

"Ƙanwata, zan tambaye ki abu, in kin ga dama ki amsa. Kina ganin al'ada?"

Na cire allurar daga bakina na ce ban taɓa gani ba.

"Da kina ƙarama kin fi sa'o'inki tsawo, sannan kika tsaya?"

Gabana ya faɗi. Na ce: "Anti, wa ya faɗa miki?"

Ta ce: "Ba wanda ya faɗa mini. Na ga yara masu irin wannan a wurin aiki. Yana da suna, kuma yana da magani. Ba aljani ba ne."

A durƙushen nan na fashe da kuka, har na jiƙa mata leshin. Tunda nake, ranar ce farkon da wani ya yi maganar jikina kamar yadda ake maganar hawan jini ko ciwon suga.

Bayan salla ta raka ni Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wanda mu 'yan Kumasi ke kira Gee. Likita mace ce ta duba ni, ta nemi izinina kafin ta ɗaga zane, kuma ba ta kira kowa ya zo kallo ba. Aka yi sikanin, aka ga mahaifa da ƙwan haihuwa duk suna nan lafiya lau. Aka ɗebi jini da sassafe don gwajin wani sinadarin jiki da ake kira 17-OHP, da wani na ƙwayoyin halitta. Katin inshorar lafiya bai ɗauki waɗannan ba, sai da na kwashi adashina. Da sakamako ya dawo, ƙwayoyin halittar suka nuna 46,XX, wato irin na mace, shi kuma 17-OHP ya yi sama ƙwarai. Likita ta rubuta haruffa uku a katina: CAH, gajeren sunan ciwon da Turanci.

Ga bayanin yadda na fahimce shi, kuma na sha maimaita shi ga mata a shago. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙulli da ake kira adirinal. Shi ke sarrafa sinadarai uku. Na farko kotizol, wanda ke riƙe jiki lokacin ciwo da yunwa da firgita. Na biyu aldosteron, mai riƙe gishiri da ruwa. Na uku andurojin, sinadarin da ya fi yawa a jikin maza, ko da yake mata ma suna da ɗan kaɗan. Mai CAH an haife shi da naƙasa a hanyar da ake bi a yi kotizol. A fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, sinadari ɗaya ne mai lamba 21 ke da rauni. Ƙwaƙwalwa sai ta ga kotizol ya yi kaɗan, ta yi ta aika saƙo a ƙara, ƙullin ya yi ta aiki har ya kumbura, kayan aikin kuma da suka rasa hanya sai su juye su zama andurojin. Anti nas ta ce mini in tuna kwatar unguwarmu da damina: in shara ta toshe ta, ruwan ba ya komawa sama, gidan mutane yake shiga. Wannan ambaliyar tun ina ciki ta fara, lokacin da ake ƙera gaban jariri, shi ya sa aka haife ni haka. Ita ce ta ja tsawona da wuri sannan ta rufe ƙasusuwan tun lokaci bai yi ba. Ita ta buɗe murya, ta tsiro gemu, ta danne al'ada. Duhun fatar ma daga yawan saƙon nan na ƙwaƙwalwa ne.

Nau'in da ake gani tun haihuwa yana samun kamar jariri 1 cikin 15,000 a duniya. Cikin waɗannan, kusan 3 cikin 4 jikinsu ba ya riƙe gishiri, kuma nan ne haɗarin mutuwa yake. Jaririn zai yi mako ɗaya zuwa uku kamar lafiya, sai amai, ƙin nono, rama, maɗiga ta faɗa, in ba a yi sauri ba ya tafi. 'Ya mace ma gara ita, gabanta kan sa a yi tambaya. Ɗa namiji ba a ganin komai a jikinsa, sai a binne shi a ce iska ce ko maita. Ni Allah Ya sa ina cikin kason da ke riƙe gishiri, shi ya sa na rayu ba magani. Akwai kuma nau'i mai sauƙi da ya fi wannan yawa, wanda ba a ganin komai ranar haihuwa, sai an balaga a ga gashi da ƙuraje da rikicewar al'ada. Likita ta kuma ce ba duk girman ɗan tsaka ne CAH ba. Idan mace ta girma lafiya sannan abin ya fara ƙaruwa farat ɗaya tare da sauyin murya, yana iya zama ƙari a ƙwan haihuwa ko a adirinal, ko aikin magungunan ƙara damtse masu sinadarin maza, kuma wannan ba abin jira ba ne.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne jin cewa tun 1950 aka fara maganin wannan ciwo da kotizon, mai maye gurbin kotizol, a Amurka. Tun ba a haifi Mma ba. Asibitin kuma motar haya ɗaya ce daga ƙofar gidanmu.

Da na koma gida na zaunar da Mma da Baba. Bayanin gadon bai yi wuya ba, don Kumasi ta san sikila. A nan aka fara gwada jarirai sikila tun 1995, aikin da marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya tsaya a kai. Na ce musu hanyar ɗaya ce. Uwa na ɗauke da rabi, uba na ɗauke da rabi, su lafiyarsu ƙalau, amma kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 yaron ya haɗa biyun. Mma da Baba 'ya'yan wa da ƙani ne, auren zumunci kuma yana ƙara yiwuwar haɗuwar. Mma ta yi shiru, can ta ce: "Ke nan ba abin da na ci ba ne? Ba tsallaka wani abu na yi ba?" Ashe duk shekarun nan dangin miji sun sa mata a rai cewa daga wurinta ne, wai ta fita da almuru da tsohon ciki. Baba ya sunkuyar da kai ya ce: "Ki yafe mana, 'yar nan." Ita ma ya nemi gafararta a gabana, abin da ban taɓa gani ba.

Aka ɗora ni a kan ƙwayar firednisolon. Aikinta ta maye gurbin kotizol ɗin da babu, ƙwaƙwalwa ta daina kururuwa, andurojin ya sauka. Cikin 'yan watanni fuska ta washe, gashin ya rage saurin tsirowa, ƙirji ya fara fitowa. Ranar da na fara ganin jini ina kan keken ɗinki. Na rufe shago na tafi gida da rana tsaka, Mma ta rungume ni tana ta hamdala kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. Amma zan faɗi gaskiya ga mai irin lalurata: tsawo ba ya dawowa, murya ba ta komawa, gaban ma kaɗan ya ragu. Maganin kuma na har abada ne, ba a yanke shi rana ɗaya. In zazzaɓin cizon sauro ya kama ni sai in ninka, kamar yadda aka koya mini. In amai ya hana ƙwayar zama, sai asibiti a yi allura ba tare da ɓata lokaci ba. Akwai kati a jakata da ke faɗa wa duk ma'aikacin lafiya haka. In maganin ya yi yawa kuma sai ƙiba da kumburin fuska, shi ya sa ake komawa awo. Azumi ina yi da shawarar likita, in sha da sahur, ranar da jiki ya ƙi kuma in ajiye in rama.

An yi mini tayin tiyata iri biyu. Ɗaya ta buɗe hanya, don ƙofar ta ɗan haɗe ta ƙasa. Wannan na yarda, kuma ta amfane ni. Ɗayar ta rage ɗan tsakan ce. Likita ta bayyana mini cewa wurin cike yake da jijiyoyi, ko da gwani ne ya yi ana iya rasa wani ji, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa. Ta ce ba ya cutar da lafiyata, zaɓi nawa ne. Na yi istihara na bar shi. Na daɗe ina ƙin wannan sashe na jikina saboda bakin mutane, amma da na zauna na yi lissafi, ban tuna ranar da shi kansa ya sa ni ciwo ba.

Maigidana na yanzu direba ne, matarsa ta rasu. Da ya aiko, na ce ba za a karɓi ko sisinsa ba sai mun je asibiti tare. Ya zauna gaban likita da hularsa a gwiwa, ya saurara har ƙarshe. Tambayarsa ɗaya ce: "In ta yi rashin lafiya a hanya, wace allura zan ce a yi mata?" Ya sa aka rubuta masa sunan a takarda, tana cikin motarsa har yau. Haihuwa ta yi jinkiri, sai da aka yi ta daidaita magani, sannan Allah Ya ba mu ɗa namiji ta hanyar tiyata. An gwada shi, lafiyarsa ƙalau.

Ƙanwata ɗan baffanmu ta aura. Haihuwarta ta biyu, cikin dare aka buga mini waya, muryarta na rawa: "Yaya, ki zo. Irin naki ne." Na iske tsofaffin gidan sun riga sun fara raɗe-raɗin a nemo wanda zai gyara ta a ɓoye. Na ɗauki jaririyar na goya, na ce duk mai son ya hana ni ya biyo ni Gee. Aka gwada gishirin jininta, aka fara mata haidirokotizon, ƙwayar kotizol, tun ba a yi suna ba. Sau uku a rana ake ba ta. Ni na koya wa uwarta yadda ake raba ƙwayar da sabuwar reza a kan faranti, a narka ta a cokali. Wani lokaci maganin kan yi wuyar samu, mu zagaya shagunan magani daga Adum har Bantama. Yanzu tana firamare, tsawonta daidai da na sa'o'inta, muryarta ta yara, kuma ta san sunan ciwonta kamar yadda mai sikila ya san nasa.

A kan tiyatarta mun saɓa da uwarta. Ita tana so a rage tun yarinyar ba ta yi wayo ba, don kada a yi mata gori. Na fahimce ta, ni aka yi wa gorin. Likitoci da kansu ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, har ƙasar Malta ta hana irin wannan tiyata ga yara tun 2015 in ba ta lalura ba ce. Ra'ayina shi ne in fitsari na fita lafiya kuma ba ciwo, a bar ta ta girma a tambaye ta, kamar yadda aka tambaye ni. Zuwa yanzu sun bar ta.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne Yaya. Ya yi aure shekaru ba haihuwa, dangi suka sa matar a gaba da sunan juya har ya sake ta. Ya sake aure, shiru. Ni kuma na riga na ji a asibiti cewa maza masu CAH da ba sa shan magani kan sami wasu ƙulle-ƙulle a 'ya'yan maraina da ke hana maniyyi ƙarfi. Ta yaya ƙanwa za ta tunkari wanta da wannan magana? Na bi ta wurin maigidana. Ranar farko Yaya ya tashi ya bar masa shayinsa. Ya daina amsa gaisuwata, ya ce wa Mma na haɗa shi da ciwon mata. Sai da Baba ya kwanta ciwon ajali ya kira shi ya ce: "Ka bi ƙanwarka asibiti. Mun yi shiru a kanta, ka ga abin da shirun ya jawo."

Bayan sadakar arba'in ya je. Gwaji ya nuna irin nawa ne, sikanin kuma ya ga ƙulle-ƙullen a ɓangare biyu. An fara masa magani, an ce wani lokaci sukan ragu, wani lokaci an makara. Da muka fito ya tsaya a bakin titi ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni ko na san inda tsohuwar matarsa take aure. Na ce Tafo Zongo, har ta haifi uku. Ya ce in shirya ranar Juma'a bayan an sauko, in raka shi ya nemi gafararta a gaban mijinta, don shi kaɗai ba zai iya shiga gidan ba. Muka je.